Tambayar da Inji Yake Yi da Yamma

Litinin, 25 Mayu 1998, ƙarfe ɗaya na rana

Ban san yadda rubutun nan zai fita ba.

Da safe ina isa buro, wato ofishinmu, na tarar da Baba Talle zaune a ƙasa bakin ƙofa, ya ƙi hawa benci. Shi ne wakilin Tudun Aduwa, wani ƙauye arewa da Takanamat. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Mushe Alƙasum, kamiyo ya wuce mu."

Haka suke kirana, Mushe, wato Malam a bakin Faransanci. Na ce wane kamiyo, wace babbar mota?

"Na iri. Ran assabar. Mun hito da buhunna, mata da maza, muna tsaye bakin hanya. Yat tsaya, shofer yad duba takarda, yac ce babu Tudun Aduwa ciki. Yat tahi."

Projenmu, wato shirin agajin da nake wa aiki, yana raba irin hatsi ga ƙauyukan da damanar bara ta yi wa tsiya, waɗanda yunwa ta sa suka cinye har abin shuka. Jerin ƙauyukan daga ordinatar ɗina, wato kwamfuta, yake fita. Ni na gina ma'ajiyar sunayen a cikin Access, ni na rubuta umarnin da ke kwashe su ya zuba a takardar Excel in an danna maɓalli ɗaya. Wata uku na yi a Yamai ina koyon wannan, kuma duk garin Tawa ban san wani da ya iya ba. Na sha faɗin haka, har a inda ba a tambaye ni ba.

Ranar Laraba da ta wuce Baba Talle ya kawo takardarsu a makare, wajen sha ɗaya na safe. A gabansa na shigar da su. Na juya masa fuskar injin, na nuna masa sunan garinsu da yatsa, duk da bai iya boko ba. Na danna maɓalli, inji ya ce ya gama. Na ce, "Baba, je ka kwanta da hankalinka." Har goro ya ba ni.

Yanzu magaza, ɗakin ajiyar irin, babu ko ƙwaya. An rabe duka.

Talata, 26 Mayu, bayan la'asar

Direkta Yunusu ya tara mu a gaban injin, ni da Tanti Esta, sakatariyarmu. Mu biyu kaɗai muke taɓa shi. Ita ta buga jerin ranar Laraba da yamma ta miƙa wa shofer.

Cikin Access ƙauyuka arba'in da biyu. A takardar shofer arba'in da ɗaya.

Direkta ya ce in danna maɓallin ya gani. Na danna. Muka buɗe takardar Excel, arba'in da biyu cif, ga Tudun Aduwa can ƙasa. Ya dube ni, ya dubi Tanti, ya daɗe yana dubanta.

"Madam, inji dai ga shi lahiya lau. To wa ag goge layin?"

Ta ce ita ba ta goge komai ba, abin da ta tarar shi ta buga. Shekara ashirin da biyu tana buga takardu, tun zamanin keken rubutu, kuma ban taɓa kama ta da harafi ɗaya a karkace ba. Ni ma na yi ta mamaki. Amma in faɗi gaskiya, da arba'in da biyun nan ta fito, wani sanyi na ji a raina.

Laraba, 27 Mayu, ƙarfe ɗaya

An dakatar da ita.

Magana ta riga ta zaga gari tun jiya. Mijinta Malam Bulus, tsohon malamin lekol, makarantar boko, ya taɓa zama wakilin wata jam'iyya a rumfar zaɓe, Tudun Aduwa kuwa kowa ya san ɗaya jam'iyyar suke yi. Shi ke nan, an haɗa. Tun da aka shiga zamanin jam'iyyun nan, ko akuyarka ta ɓata sai an tambayi launin tutar maƙwabcinka. Ga shi kuma su ba 'yan nan ba ne, daga wajen Maraɗi suka zo, babu dangin da zai tsaya musu.

Ta lulluɓe keken rubutunta, ta ɗauki jakarta da ɗan kayenta, littafin nan mai shuɗin bango da take rubuta komai a ciki. Da za ta fita ta tsaya kusa da ni.

"Ƙanena, yau kai za ka kashe injin. Ka rufe shi da ƙyallensa."

Na ce to, Tanti.

Laraba, bayan magariba

Innalillahi.

Ban iya cin tuwo ba. Huseina matata ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce zafin gari ne.

Kullum Tanti ce take kashe injin, domin ni ina riga ta tashi. Yau ni na kashe. Da rana na danna maɓallin nan sau uku, ina nuna wa Direkta da wani baƙo daga Yamai. Da na ce wa injin ya mutu, sai wani ɗan akwati ya fito a fuskarsa: Voulez-vous enregistrer les modifications? Wato ko ina so a adana canjin da aka yi wa takardar jeri. Wane canji? Ni ban ga Excel a buɗe ba. Na ce Non, wato a'a. Wani ya sake fitowa, irinsa sak.

Na fasa kashewa. Na danna maɓallan nan uku da ke nuna duk abin da yake aiki a ɓoye.

Excel. Excel. Excel.

Alhamis, 28 Mayu, da safe

Wataƙila ba shi ba ne.

Juma'a, 29 Mayu, bayan masallaci

Liman ya yi addu'ar ruwa. Kowa ya ce amin da ƙarfi. Ni bakina ne ya ce, zuciyata kuwa roƙo take kada ya sauka tukuna. Wane irin mutum ne yake zaune a sahu yana roƙon kada a yi ruwa a ƙasar Adar?

Asabar, 30 Mayu, sha ɗaya na safe

Na zo buro ni kaɗai, na ce wa mai gadi aiki ya taru. Na yi abin da aka yi ranar Larabar nan, daki-daki. Na kunna inji, na danna maɓalli. Na ƙara wani ƙauyen ƙarya, na sa masa suna Gidan Wawa. Na sake dannawa, inji ya ce ya gama. Na buɗe takardar.

Babu Gidan Wawa.

Sau biyar na maimaita, sau biyar babu. Bari in rubuta shi a fili, ko don in daina yi wa kaina wasa da hankali.

Umarnina yana kiran Excel a ɓoye, ya ba shi sunaye, ya ce adana. Daga nan sai ya juya baya ya yi tafiyarsa. Bai ce a rufe takardar ba, bai sallami Excel ba. Kamar ka kira mutum ɗaki ya yi maka aiki, ka fita ka manta da shi a ciki, shi kuwa yana zaune riƙe da takardarka. In ka sake dannawa, wani sabon Excel ne yake zuwa. Ya karɓi sababbin sunaye, ya je adanawa, ya tarar na farko ya riƙe takardar, ya kasa. Da ya kamata ya yi ihu. Amma a saman umarnin akwai wani layi da na sa da hannuna, mai cewa in an ci karo da kuskure a wuce kawai. Malaminmu na Yamai ya ce kada mu kuskura mu saba da layin nan. Ni na sa shi tun watan Maris, don wata rana akwatin kuskure ya fito a gaban Direkta na ji kunya.

Ke nan ranar Laraba jerin safe mai arba'in da ɗaya ne ya zauna a takarda. Jerin gaskiya, mai Tudun Aduwa, yana hannun Excel na biyu, a ɓoye, wuni guda yana jira. Da yamma ya tambayi Tanti ko a adana shi.

Sauran ba zan rubuta yau ba.

Lahadi, 31 Mayu, da hantsi

Na hango ta a kasuwa wajen masu albasa, ta taso daga coci da farin kallabinta. Mai albasar da take saye wurinsa shekara da shekaru ya yi kamar bai ji sallamarta ba. Ta tsaya kaɗan, ta wuce gaba.

Ni kuwa na shige rumfar masu takalma na yi ta cinikin takalmin da ba zan saya ba.

Litinin, 1 Yuni, ƙarfe goma

Na gyara. Layi uku ne kacal: rufe takarda, sallami Excel, saki igiyar da ta haɗa su. Na cire layin nan na wuce kawai. Na duba agogo, minti huɗu abin ya ɗauke ni.

Minti huɗu!

Litinin, shida da rabi na yamma

Na kashe injin. Bai tambaye ni komai ba. Yanzu ko wa aka kawo daga Yamai ya bincika, lafiya lau zai tarar da shi. Na lulluɓe shi da ƙyalle, na fito ina jin kamar na sauke kaya. Kafin in kai gida kayan sun dawo.

Laraba, 3 Yuni, da safe

An yi ruwa jiya a arewa. Shofer ya ce daga Affala har gaban Takanamat ƙasa ta jiƙu sosai, kowa ya fita shuka, har tsofaffi.

Laraba, bayan la'asar

Baba Talle ya dawo. Wannan karon bai zauna ba ma. Direkta ya ce masa an rubuta wa Yamai ana neman ƙarin iri, a yi haƙuri.

"Haƙuri muna da shi, ranka shi daɗe, iri na ba mu da. Ƙasa ta sha ruwa, kwana ukku ta bushe. Wasu sun samo tiya guda wurin dangi, wasu ko hakanan babu. Matasanmu sun ce in sunka ga matar nan, Allah kaɗai ka raba su."

Da zai tafi ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kai dai, ɗana, ka yi naka. Da idona nig gani ka sa mu. Allah shi yi ma albarka."

Na ce amin. Wallahi na ce amin.

Alhamis, 4 Yuni

Zafi. Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke tun tara. Na zauna ina kallon injin a mace.

Juma'a, 5 Yuni, ƙarfe ɗaya

An yi zaman bincike yau. Direkta, da baƙon nan na Yamai, da ni a matsayin masani. Masani! Tanti ta zo da jakarta, ta ɗora ta a cinya, ta riƙe da hannu biyu har aka tashi. Ta rame. Ta gaishe ni kamar kullum, har ta tambayi jikin Huseina.

Suka yi ta juya ta. Wa ya zo wurinki ranar? Mijinki ya san da jerin? Ta ce a'a, ta ce a'a, ta ce abin da ta tarar shi ta buga. Can baƙon ya juyo gare ni.

"Mushe, kai ne ka san na'urar. Tana iya cire suna da kanta?"

Na ce, "Inji ba ya yin komai da kansa. Sai abin da mutum ya sa shi."

Ba ƙarya na yi ba. Tun da muka tashi nake gaya wa kaina ba ƙarya na yi ba. Baƙon ya rubuta, Direkta ya gyaɗa kai. Tanti ta dube ni, ba da fushi ba, irin duban da take yi wa takarda in tana neman inda harafi ya faɗi. Na ga yatsunta sun taɓa zip ɗin jakar, sannan ta janye su.

Asabar, 6 Yuni

Kwantiragina ƙarshen watan nan yake ƙarewa. Cikin Huseina wata bakwai. 'Yan ajinmu na lise, wato sakandare, rabinsu suna zaune a fada, majalisar bakin titi, suna shan shayi, rabi sun tafi Abijan. Ma'aikatan gwamnati ma ba su ga albashi ba, balle wanda aka kora da sunan ya hana gari guda shuka.

Na rubuta wannan don in ga ko zai yi kama da hujja. Bai yi ba.

Lahadi, 7 Yuni, bayan azahar

Huseina ta dawo daga famfo ranta a ɓace. Wai mata suna cewa jam'iyya ta ba Tanti atamfa turmi uku, wata ma ta rantse ta ga turamen. Yara sun jefi ƙofar gidansu jiya.

"Ni dai na ce musu ƙarya ta. Matar da tak kwana biyu bisa tabarma a maternite, asibitin haihuwa, tana riƙe da hannuna, kana can Yamai wurin karatunka? Da ba ita ba, da ni da cikin nan na hwari duka mun tahi. Kai kana wurin, Alƙasum. Ba ka ce musu komi ba?"

Na ce ana bincike.

Ta ajiye bokitin ta dube ni. "Kwana goma ke nan ba ka gama tuwonka. Mi kas sani?"

Na ce zan je in duba wani abokina. Na yi ta zaga gari har la'asar, ban duba kowa ba.

Litinin, 8 Yuni

Abin da na ƙi rubutawa ranar Asabar ɗin can. Gobe.

Talata, 9 Yuni, sha biyu da rabi

Yamai sun yanke. Kora ce, kuma ba za a ba ta takardar shaidar aiki ba. Direkta ya rubuta wasiƙar da biro, ya fito yana neman wanda zai buga, ya dubi kujerar Tanti, sannan ya tuna. Ya miƙo mini.

Na buga. Sunanta cikakke, da ranar da ta fara aiki, da kalmar nan ta cin amana. Na karanta sau biyu ina neman kuskure, don ita ta koya mini kada takarda ta fita ba a karanta ta sau biyu ba. Babu kuskure ko ɗaya. Na kai masa, ya ce gobe zai sa hannu.

To ga abin da na ƙi rubutawa.

Tun watan Afrilu ta gaya mini. Ta ce, "Ƙanena, injin nan in na zo kashe shi yana yi mini tambaya, wani lokaci sau biyu, wani lokaci sau huɗu. Kuma in na buɗe jeri yakan ce wani yana riƙe da shi. Wa ke riƙe da shi?" Ina shan shayi a lokacin, ko juyowa ban yi ba. Na ce aljanun Direkta ne, Tanti. Na yi dariya, na ce duk abin da ya tambaye ki da yamma ki ce masa Non, kada ki lalata mini aiki.

Ta ce to. Ita kuwa in ta ce to, to ne.

Laraba, 10 Yuni, bayan la'asar

Na je buro tun shida da rabi. Na goge layuka ukun nan nawa, na mayar da layin wuce kawai, na mayar da injin yadda yake da cutarsa. Da Direkta ya iso, kafin ya zauna na ce ya zo ya ga wani abu.

Na sa shi ya danna maɓallin da hannunsa. Na ce ya faɗi sunan kowane gari, ya ce garinsu, Bambeye. Na shigar, ya sake dannawa, inji ya ce ya gama. Muka buɗe, babu Bambeye. Na nuna masa Excel biyu a ɓoye. Na ce ya kashe injin, tambayar ta fito. Na gaya masa abin da na ce wa Tanti a watan Afrilu, har da aljanun.

Ya zauna a kujerarta. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Tun yaushe kas san wanga?"

Na so in ce jiya. Bakina har ya ɗauko jiyan. Na ce tun ranar da aka dakatar da ita.

"Ran juma'a kana zaune nan, mutum yat tambaye ka."

Na ce ina zaune.

"Kuma jiya kab buga takardar korarta."

Na ce na buga.

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ɗauko wasiƙar ya yaga biyu, ya rubuta wata, ya ce in buga wannan in kai mata da ƙafata. Maganata kuma, ya ce, Yamai za su gani ƙarshen wata. Ranar kasuwar Takanamat zan bi shofer in tsaya gaban mutanen Tudun Aduwa in faɗa musu da bakina.

Na gaya wa Huseina da na dawo. Ta zuba mini tuwo, ta koma ɗaki ta ci nata.

Alhamis, 11 Yuni, bayan magariba

Na je da la'asar. Akwai tabon duwatsu a ƙofar langa-langar. A tsakar gida na ga katon-katon, kwalayen kaya, an ɗaure da igiya, an sauke hotuna daga bango. Malam Bulus ya amsa sallamata, ya shimfiɗa mini tabarma, ya shige ciki bai ƙara fitowa ba.

Tanti ta kawo mini ruwa. Na ba ta wasiƙar, ta karanta sau biyu. Sannan na faɗa mata duka, tun daga Excel ukun nan har takalmin kasuwa. Ina magana ina kallon kofin.

Ta tashi ta ɗauko jakarta, ta fito da kayen nan mai shuɗin bango, ta buɗe ta miƙo mini. Rubutunta ne mai kyau, kowace rana da layinta.

14 Afrilu. Inji ya yi tambaya sau 3. Na gaya wa M. Alƙasum. Ya ce aljanu ne, in ce Non.

15 Afrilu, sau 1, Non. 16 Afrilu, sau 2, Non. Haka har ƙasa, shafi bayan shafi. Na kai 20 ga Mayu. Sau 1, Non. A gefe ta rubuta: ya ce wani yana riƙe da jeri, na buga yadda na tarar.

Na ce, "Tanti, wannan yana cikin jakarki ranar bincike?"

"Yana ciki."

"Don me ba ki nuna musu ba?"

"Ni ban san ma'anar tambayar ba, ƙanena. Amma na san kai in ka gan ta za ka sani. Shi ya sa na ce ka kashe injin da kanka. In na buɗe kayen nan a gabansu, kai ne za ka zama wanda aka kama. Na fi so ka zama wanda ya zo."

Ta karɓi kayen ta rufe.

"Ranar da aka dakatar da ni na ce wa Bulus kada ya yi nisa, Alƙasum zai zo bayan magariba. Na dafa shayi. Washegari ma na dafa. Ran nan da aka jefi ƙofa na zaci kai ne kake ƙwanƙwasawa, har na taso da sauri."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun kafin in zo, wannan ba wuya. Na ce to Litinin za ta dawo? Direkta ya ce kujerarta tana nan.

"Motar Maraɗi Asabar take tashi. Takardar nan ta wanke ni a buro, na gode. Amma shekara goma sha tara ina sayen albasa wurin mutum ɗaya." Ta gyara kallabinta. "Ka gaida Huseina. In ta sauka a aiko mini."

Ta rako ni har ƙofa. Ta ba ni kayen, ta ce na buro ne, a ba wadda za ta zo bayanta.

Juma'a, 12 Yuni, shida da rabi na yamma

Na mayar da layuka ukun. Na rubuta su kuma da biro a shafin farko na kayen, da bayani a ƙasa, don ko ba ni nan.

Na ƙirga a kalanda. Kwana goma sha biyar ta dafa shayi.

Na kashe injin. Bai tambaye ni komai ba.